Toshe Saƙon Furotin G da Feftaid: Fa'idodi da Illoli

A bayan fatar kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan'adam akwai wani furotin da masana ke kira furotin G. Idan sinadarin jiki ko magani ya taɓa mai karɓar saƙo a wajen ƙwayar, shi ne ke ɗaukar saƙon ya kai ciki. Gano shi ne ya sa Alfred Gilman da Martin Rodbell suka sami kyautar Nobel a 1994. Mu ma mun san aikinsa ko da ba mu san sunansa ba, domin gubar kwalara tana kunna nau'insa mai suna Gs ta hana shi kashewa, sai hanji ya yi ta zubar da ruwa har majinyaci ya galabaita.

Masu karɓar saƙo irin waɗannan sun kai kimanin 800, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan asibiti a kansu suke aiki. Furotin G kuwa dangi huɗu ne kacal. Wannan ya sa masu bincike suka ce me zai hana a tare saƙon a mahaɗa? Abin da suka ɗauko shi ne feftaid, wato gajeren zaren furotin.

Fa'idar ta fara bayyana a 1998, lokacin da aka sa zuciyar ɓeraye ta riƙa samar da guntun wutsiyar wani nau'in furotin G mai suna Gq a Amurka. Guntun ya tare gurbin furotin na gaske, zuciyar kuma ba ta yi kaurin nan da matsin jini ke jawowa sosai ba. Akwai kuma wani feftaid mai suna FR900359, wanda aka samo daga ganyen wani tsiro na gabashin Asiya mai suna Ardisia crenata, ko da yake wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin ganyen ne ke haɗa shi. Yana danne Gq ya hana shi motsi. Da aka shaƙa wa ɓeraye shi, hanyoyin numfashinsu sun buɗe, abin da ya faranta ran masu neman maganin asma. Inda ya fi burge ni shi ne wata kansa ta cikin ido, wadda a mafi yawan masu ita Gq ɗin ne ko ɗan'uwansa G11 ya lalace ya maƙale a kunne. A nan toshe mai karɓar saƙo ba ya wadatarwa, tunda ɓarnar tana gaba da shi. A ɗakin gwaji, FR900359 ya dakatar da yaɗuwar ƙwayoyin wannan kansa.

Illar kuwa daga ƙarfin nan take fitowa. Wanda ya yanke wuta daga taransifoma don kashe ƙwan ɗakinsa ya jefa unguwa cikin duhu. Gq ɗin da ke matse hanyar numfashi shi ne ke taimaka wa jijiyoyin jini su riƙe ƙarfinsu, shi ne kuma ke taimaka wa jini ya daskare a kan rauni. Idan maganin ya zagaye jiki, jini na iya sauka fiye da kima, rauni kuma ya ƙi tsayawa da zuba. Ɓerayen da aka cire wa Gq da G11 baki ɗaya ma tun a ciki suke mutuwa.

Ga kuma wahalar kai shi inda ake so. Ciki yana narkar da yawancin feftaid kamar yadda yake narkar da nama, kuma da ƙyar suke ratsa fatar ƙwayar halitta, alhali furotin G a ciki yake. Haɗa su ma da tsada.

A ganina, a matsayin kayan bincike fa'idarsu ta rinjaya nesa ba kusa ba. A matsayin magani kuwa da sauran tafiya, sai an iya kai su ga huhu kaɗai ko ido kaɗai. Don haka mai hawan jini ko asma ya riƙe maganin da likita ya rubuta masa, kada ya saurari masu tallar feftaid a intanet da sunan sabuwar waraka.