MUBI: Idan Soja Sun Koma Bariki, Wa Zai Tsare Unguwa?

Duk wanda ke harkar dabbobi a Agege, ko Badun, ko Lokpanta, ba ya bukatar a gaya masa inda Mubi take. Kowane mako manyan motoci na tasowa daga kasuwar shanun garin, shaƙe da dabbobin da yawancinsu suka fito daga Cadi da Kamaru, su yi kwanaki bisa hanya kafin su sauke kaya a nan Kudu. Ran da kasuwar Mubi ba ta ci ba, mahautan Ikko da Anacha da Fatakwal sai sun ji a jikinsu. Saboda haka zaman lafiyar wannan gari abu ne da ya shafi aljihun mutanenmu da yawa a nan, balle waɗanda suka baro iyaye da iyali a can.

Yau shekara goma da ɗoriya ke nan da mutanen ƙasar suka taimaka aka ƙwato Mubi daga hannun 'yan Boko Haram. To, wane matsayi aka ba su tun daga sannan cikin sha'anin tsaron unguwanninsu, da tsara garinsu, da kula da samarinsu? A ganinmu an mai da jama'a kamar 'yan kwana-kwana ne, sai wuta ta tashi ake cigiyarsu, in ta mutu a ce kowa ya koma gida. Wannan shi ne abin da ya kamata a gyara.

GARI A BAKIN IYAKA

Mubi tana gindin duwatsun Mandara, a bakin kogin Yedzaram, wajen kilomita 200 arewa da Yola. Da can ƙasar tana hannun Jamus, bayan yaƙin duniya na farko ta koma riƙon amana a hannun Ingila. A ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairun 1961 mutanen yankin suka zaɓi Nijeriya, aka raɗa wa ƙasar suna Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedkwata. Daga nan ta shiga Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, da Gongola a 1976, sa'an nan Adamawa a 1991.

A garin akwai Gude da Fali da Njanyi da Fulani da Margi da Higi da Hausawa, ga kuma 'yan kasuwa Ibo da suka daɗe da zama. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, akwai Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a 2002, dukansu suna jawo ɗalibai daga ko'ina cikin ƙasa. A ƙidayar 2006 Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu sun tashi mutum wajen 280,000. Garin da baƙo ke shiga yana fita dare da rana haka, tsaronsa ya dogara ne ga sanin wanda ya shigo da inda ya sauka.

MAKO BIYU NA BAƘIN CIKI

Masu karatu za su tuna fitinar ba ran ɗaya ta sauka ba. A watan Janairun 2012 'yan bindiga suka buɗe wuta kan wasu 'yan kabilar Ibo da suka taru don shirya jana'izar 'yan'uwansu, mutum fiye da goma suka rasu. A daren 1 ga watan Oktoba na wannan shekara aka shiga unguwar Wuro Patuji, inda ɗalibai ke haya a wajen makaranta, aka kashe aƙalla mutum 25, yawancinsu ɗalibai. Rahotanni sun ce maharan gida-gida suka riƙa bi suna kiran sunaye. Ran 1 ga watan Yunin 2014 kuma bom ya tashi cikin 'yan kallon ƙwallo a Kabang.

Ran 29 ga watan Oktoban 2014 garin ya faɗi. 'Yan Boko Haram suka fasa kurkuku, suka sauya wa Mubi suna suka kira ta Madinatul Islam. Dubban mutane suka fantsama cikin duwatsu da ƙafa, wasu suka nufi Yola, wasu suka tsallaka Kamaru. Bayan mako biyu, wajen 13 ga watan Nuwamba, sai labari ya zo cewa mafarauta da 'yan sintiri, tare da soja, sun kore su daga garin.

Waɗannan maharba ba su fi abokan gaba makamai ba. Bindigar toka ce da kwari da baka da adda. Abin da suka fi su da shi, sanin ƙasa. Sun san kowace hanyar ƙafa cikin dutse, sun san inda ake samun ruwa da rani, suna jin harsunan ƙauyuka, kuma sun san fuskar ɗan gari da ta baƙo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya biyo baya ya ƙara tabbatar da haka. Ran 21 ga watan Nuwamban 2017 wani matashi ya shiga sahun sallar Asuba a wani masallaci na Unguwar Shuwa ya ta da bom, aƙalla mutum 50 suka rasu. Ran 1 ga watan Mayun 2018 aka sake kai hari biyu a masallaci da kasuwa. Motar yaƙi da ke girke a bakin gari ba ta iya tare yaro guda da ya saje cikin masu zuwa salla. Mai iya tare shi sai maƙwabcin da ya lura da baƙuwar fuska, kuma yake da wurin da zai kai rahoto ba tare da tsoron a mai da shi abin tuhuma ba.

DA DA YANZU

Dattawa sun san zamanin En'e, lokacin da baƙo ba ya kwana a unguwa sai mai masaukinsa ya sanar da mai unguwa, wanda a ƙasar Adamawa ake kira jauro. Daga jauro magana ta hau wurin dagaci, ta wuce wurin hakimi, har fada. Akwai dogarai, akwai 'yan doka, duk 'yan ƙasa ne. Amma fa kada mu yi wa tarihi ado. A siyasar Jamhuriya ta Farko an yi amfani da 'yan doka an gallaza wa 'yan hamayya, kuma yana cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta soke su bayan 1966 ta shigar da su cikin 'yan sandan Tarayya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya karɓe ragowar ikon mulki daga hannun sarakuna.

An yi maganin zalunci guda, an bar giɓi. Yau ana iya turo ɗan sanda daga wata jiha mai nisa, ba ya jin Fillanci balle Gude, kafin ya san lungunan Lokuwa da Kolere da Sabon Layi an yi masa canji. Hukuma ta san da wannan. Shi ya sa aka kafa kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a tun 1984. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta ware Naira biliyan 13.3 don aikin tsaron unguwanni, Dokar 'Yan Sanda ta wannan shekara kuma ta tanadi kwamitocin jama'a a jihohi da ofisoshin 'yan sanda na yankuna. Duk da haka jihohi suka ci gaba da kafa nasu: Amotekun a ƙasar Yarabawa a 2020, 'yan sintirin gwamnatin Katsina a 2023, Askarawan Zamfara a 2024. Wato dai giɓin bai cike ba.

A watan Disambar 2024 Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya ƙirƙiro sababbin masarautu bakwai, cikinsu har da Michika da Madagali da Maiha, waɗanda da suke ƙarƙashin Masarautar Mubi. Masu goyon baya sun ce an kusanto da sarauta ga talakawa, masu suka sun ce siyasa ce. Mu abin da ya dame mu shi ne jauro, mutumin da ke can ƙasa, wanda shi ne ya san gidan da aka yi baƙo jiya. Muddin doka ba ta fayyace aikinsa ba, ba a kuma yanka masa abin da zai riƙe kansa ba, yawan rawuna a sama ba zai hana ɓarawo shiga lungu ba.

DARASIN UROMI

Kada wani ya ɗauka muna cewa a raba wa kowa bindiga a sake shi. Mu mazauna Kudu mun fi kowa sanin illar haka. A ƙarshen watan Maris na 2025 'yan sintiri a Uromi ta Jihar Edo suka tare wata mota da ta ɗauko mafarauta daga Fatakwal za su gida salla, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu satar mutane ne, taron jama'a ya kashe mutum 16. A Zamfara ma kowa ya ga yadda kisan da 'yan sa kai suka riƙa yi ba shari'a ya rura wutar gaba tsakanin Hausawa da Fulani.

Ɗan sintirin da ba shi da rajista, ba shi da shugaban da zai amsa tambaya a kansa, baƙo ne abincinsa na farko. A Uromi baƙon mu ne. A Mubi kuwa baƙon shi ne ɗan kasuwa Ibo, da ɗalibi daga Kudu, da makiyayi daga Cadi. Don haka adalcin da muke nema wa kanmu a nan, tilas mu nema wa baƙin da ke garuruwanmu. Lalle ne kowane ɗan sintiri a rubuta sunansa a wurin jauro da ofishin 'yan sanda, a koya masa iyakar aikinsa, wato ya kama ya miƙa, ban da duka, ban da hukunci. Kwamitin da zai sa masa ido kuma ya ƙunshi liman da fasto, da shugabannin kasuwa, da mata, da wakilan baƙi mazauna garin.

AWON FILI MA TSARO NE

Mutane ba su cika haɗa maganar fuloti da maganar tsaro ba, alhali kuwa tushensu ɗaya. Bayan 2014 Mubi ta karɓi 'yan gudun hijira daga Madagali da Michika da kudancin Barno, ga kuma dubbai da aka dawo da su daga Kamaru ta kan iyakar Sahuda a 2015. Duk garin da ya cika da sauri haka, abin da ke faruwa sananne ne. Mai gona ya kira dillali, a yanka fuloti a sayar, ba a bar hanyar mota ba, ba a bar lambatu ba, ba filin makaranta, ba na ƙwallo. Ran da gobara ta tashi motar kashe wuta ba ta da mashiga, ran da aka yi fashi 'yan sanda su tsaya a bakin titi. Da damina kuma ruwan da ke gangarowa daga duwatsu ya bi ta cikin gidaje, zaizayar ƙasa ta ci gaba da cin gaɓar kogi.

Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun Gwamna, shi kuwa yana Yola. Garin kuma an raba shi tsakanin ƙananan hukumomi biyu, ga shi ruwan sama bai san iyakar Mubi ta Arewa da ta Kudu ba. Abin da ya dace, kada a amince da awon sabuwar unguwa sai an zauna da mutanen da za su zauna cikinta, an nuna musu taswira, sun nuna wa ma'aikata inda ruwa ke bi. Ran 11 ga watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Wannan hujja ce a hannun talakawa ta tambayar shugabanninsu nawa ya shigo, kuma wace kwata aka gina da shi.

SAMARI

Daga cikin samari ake samun ɗan sintiri, daga cikinsu kuma ake samun wanda ake sintiri dominsa. A Jimeta da Yola an sha fama da 'yan shila masu ƙwacen waya da wuƙa, kuma a ƙarshen watan Yulin 2023 sai da aka sa dokar hana fita bayan an wawashe rumbunan abinci na gwamnati. Mubi gari ne da samarinsa da yawa ke ci daga kan iyaka, da dako da lodi da kai kaya. Rufe iyakokin ƙasa da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya nuna yadda wannan abinci ke yankewa dare ɗaya.

Shirye-shiryen gwamnati na zuwa suna wucewa. An fara N-Power a 2016, aka dakatar da shi a 2023. Abin da ya fi daɗewa shi ne wanda jama'a ke riƙe da shi. A Barno, bayan fitowar 'yan ƙato da gora a 2013, gwamnatin jihar ta horar da wasunsu ta yanka musu alawus na wata, don ta san haɗarin barin saurayin da ya saba da makami ba sana'a. A Yola, ƙungiyar zaman lafiya da Jami'ar Amurka ta Nijeriya ta kafa a 2012 tare da malaman Musulunci da na Kirista ta haɗa samarin addinan biyu a ƙungiyoyin ƙwallo, ta kuma ciyar da dubban 'yan gudun hijira. Mubi tana da abin da ya fi wannan, tana da manyan makarantu biyu da babbar kasuwa. Me zai hana a keɓe wani kaso sananne daga harajin kasuwar shanu don koya wa yaran unguwanni walda da gyaran wuta da kiwo na zamani, ƙarƙashin idon kwamitin unguwa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

NAMU AIKIN

Mu da ke nan muna da ƙungiyoyin 'yan gari da na 'yan kasuwa, muna aika kuɗi gida duk wata. Idan za mu sayi fili a gida, mu tambaya ko an bar hanya da lambatu kafin mu biya. Idan ƙungiya za ta yi taimako, ta ɗauki nauyin yara kaɗan su koyi sana'a har su gama, ya fi a raba shinkafa ran salla a watse. A nan kuma, a Sabo da Idi-Araba da Ama Hausa, mu raya al'adar kai baƙo wurin Sarkin Hausawa a san shi, mu kuma shiga kwamitocin tsaro na unguwannin da muke zaune tun ba a yi rikici ba. Wanda ba ya wurin da ake shawara, a kansa ake yanke ta.

Mutanen Mubi sun nuna a 2014 cewa za su iya ba da ransu don garinsu. Saura hukuma ta yarda ta zauna da su lokacin lafiya. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.