Garambawul a Ƙasar da Ba Ta da Majalisa

Duk wanda ya ratsa unguwannin Birnin Ƙonni bayan sallar isha'i ya san yadda fadar samari ta koma: butar shayi na bisa gawayi, amma hira ta ragu, kowa ya sunkuyar da kai ga salularsa. Haka abin yake a Malbaza da Galmi, haka yake a Illela da Badagishiri. Wasannin da suka fi yawa a hannunsu na ƙwallo ne da na harbe-harbe irin su Free Fire da PUBG Mobile, sai kuma wani nau'i da ya fi nauyi, wanda mutum ke shiga rigar wani jarumi, ya raɗa masa suna, ya yi ta renonsa wata da watanni a cikin duniyar da ɗimbin baƙi daga ƙasashe dabam-dabam ke zaune tare. Dukansu sun yi tarayya a abu guda: wata rana ɗan wasa zai buɗe waya ya tarar da ƙofa a rufe, da sanarwa cewa an fito da sabon zubi, kuma babu shiga sai an sauke shi.

Kamfanoni na kiran wannan rana ranar biki. Abin tambaya a nan shi ne: bikin wa? Domin akwai ƙaramar kwaskwarima da ke toshe kurakurai, akwai kuma babban garambawul da ke sake shata iyakoki, ya soke dokoki, ya karya darajar dukiya. A ranar garambawul ne kaɗai ɗan wasa ke ganin ainihin mai mulkin ƙasar da ya ɗauka tasa ce.

Adalci ya wajabta a fara da alherin. Duniyar da ba ta sabuntuwa mutuwa take yi, don idan an kashe kowane dodo an leƙa kowane kogo, jama'a watsewa suke. World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya buɗe a watan Nuwamba na 2004, ya kai masu biyan kuɗin wata miliyan 12 a 2010, kuma bai kai nan ba sai da sabbin ƙasashe da labarai da ake ƙara masa lokaci bayan lokaci. Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix na Japan ya fito a 2010 cikin mummunan hali, har magabatan kamfanin suka nemi gafara, suka sauya shugaban aikin, suka ɗora Naoki Yoshida. A watan Nuwamba na 2012 aka rushe tsohuwar duniyar ɗungurungum, a watan Agusta na 2013 aka buɗe sabuwa, wasan da ake wa kallon gawa ya zama ɗaya daga cikin manya. Saboda haka babu mai hankalin da zai ce a daina sabuntawa. Gardamar tana kan wanda ke yanke shawara da wanda ke biyan kuɗin sabulu.

Abu na farko da garambawul ke kawowa bayan sabuwar ƙasa shi ne karyewar daraja, kuma mutanen Ƙonni ba su buƙatar malamin jami'a ya fassara musu wannan kalma. Dattawansu na tune da ranar 12 ga Janairu na 1994, lokacin da aka wayi gari tamanin kuɗin sefa ya ragu da rabi bisa shawarar da aka yanke a Dakar. Matasansu kuwa sun ga yadda canjin takardun naira a farkon 2023 ya bar ƴan kasuwar bakin iyaka riƙe da tsofaffin kuɗi suna neman inda za su kai su. Irin wannan ce ke faruwa a cikin wasa. Da aka yi wa World of Warcraft babban ƙari na farko a watan Janairu na 2007, aka ɗaga matakin ƙoli daga 60 zuwa 70, takubba da sulkunan da rundunonin mutum 40 suka yi watanni suna kwana bisa kujera kafin su same su sun koma tarkace, don sabon shiga na tsintar waɗanda suka kusa kamo su a aikin ƴan kwanaki. A watan Disamba na 2010 wani ƙarin mai suna Cataclysm ya farfasa tsofaffin nahiyoyin wasan, wuraren da mutane suka saba da su shekara shida suka ɓace. A 2020 kuma wanda ya kwanta yana mataki na 120 ya tashi yana na 50. Babu wanda aka yi wa sata a idon doka, amma kowa ya san guminsa ya ragu.

Abu na biyu shi ne sabuwar doka, kuma misalin da ya fi kowane muni shi ne na Star Wars Galaxies. A watan Nuwamba na 2005 kamfanin Sony Online Entertainment ya soke tsarin sana'o'i fiye da 30 da wasan ya ginu a kai, ya mayar da su 9, bayan sanarwar da ba ta wuce ta mako biyu ba. Abin takaici, kwanaki kaɗan kafin sanarwar an sayar wa jama'a wani sabon ƙari, har ta kai kamfanin ya amince ya mayar da kuɗi ga masu so. Waɗanda suka shekara biyu suna gina sana'a da suna suka wayi gari sana'ar babu ita a kundi. Jama'a suka yi ta ficewa, wasan bai sake farfaɗowa ba har aka rufe shi a watan Disamba na 2011. An ce idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, amma ba a ce makaɗi ya fasa gangar a kan masu rawa ba.

Abu na uku shi ne nauyi, kuma a nan ne talakan jahar Tawa ya bambanta da takwaransa na Turai. Kowane sabon zubi ƙarin mega ne da za a sauke, ƙarin wuri ne da zai cinye a cikin waya, ƙarin zafi ne ga batir. Genshin Impact, na kamfanin miHoYo da ke Shanghai a ƙasar Sin, ya fito a watan Satumba na 2020, ana sabunta shi kusan kowane mako shida, kuma nauyinsa a waya ya haura giga 20. Da zai buɗe sabuwar ƙasar Natlan a watan Agusta na 2024, kamfanin ya ɗaga mizanin na'urar da wasan ke buƙata. A 2025 kuma ya sanar da janye wasan daga PlayStation 4, yana kafa hujja da girman wasan da ƙarfin na'urar. Idan na'urar da aka ƙera musamman don wasa ta gaza, ina ga wayar hannu ta biyu da yaro ya saya da kuɗin dakon albasa a Galmi ko na kabu-kabu tsakanin Ƙonni da bakin iyaka?

Wanda ke zaune a Faransa da intanet na gida marar iyaka yana barci sabon zubi ke sauka. Na Ƙonni kuwa da kuɗin aljihunsa yake sayen kowane giga daga Airtel ko Moov ko Zamani, yana addu'ar kada rezo ya yanke a tsakiya. Sannan ga maganar wuta. Malbaza na da masana'antar siminti, a nan ne kuma aka ƙaddamar da tashar lantarki mai aiki da hasken rana ta megawat 7 a 2018, amma ƙauyukan da ke kewaye da yawa har yanzu wurin mai caji ake kai waya a biya. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar a watan Agusta na 2023, a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, ba ta maido ta ba sai a watan Maris na 2024. A tsawon waɗannan watanni kalandar kamfanonin wasa ba ta tsaya jiran kowa ba: bukukuwa masu wa'adi sun zo sun wuce, kyaututtukansu sun tafi ga masu wuta. Garambawul ba ya korar talaka da baki. Yana dai ƙara tsawon katanga har ya kasa haurawa.

Masu kare kamfanoni na cewa yawancin waɗannan wasanni kyauta ne, wanda aka bai wa kyauta kuwa ba ya raina ta. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Tare da kowane sabon zubi ake fito da sabon jarumi ko sabuwar riga da ake saye da kuɗin cikin wasa, kuɗin da asalinsu sefa ne ko naira da aka canza. Sau da yawa ma ba jarumin ake saya kai tsaye ba, ƙuri'a ake ja, a dace ko a rasa. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta duba irin waɗannan akwatunan sa'a a 2018, ta yanke cewa waɗanda ake saye da kuɗi caca ne. Kuma ko an dace ɗin, me aka mallaka? Yarjejeniyar da kowa ke latsa wa amincewa ba tare da ya karanta ba, cikin Turanci ko Faransanci, izinin amfani kawai take bayarwa. Ƴan wasan ƙasar Sin sun ga zahirin wannan a watan Janairu na 2023, sa'ad da yarjejeniya ta ƙare tsakanin Blizzard da abokin hulɗarsa NetEase, aka rufe musu World of Warcraft gaba ɗaya, bai dawo ba sai a 2024. Kayan aro ba ya rufe katara.

Shin ke nan babu abin yi sai haƙuri? Tarihin waɗannan wasanni da kansa ya ƙaryata haka. Kamfanin CCP na ƙasar Aisilan, mai EVE Online, ya kafa majalisar wakilai da ƴan wasa ke zaɓa tun 2008. A watan Yuni na 2011 ya fito da garambawul mai suna Incarna, da shagon da ke sayar da tabarau na ido ɗaya a kan kimanin dalar Amurka 70, wato fiye da jika 30 na sefa a wancan lokaci, don ado kawai. Dubban ƴan wasa suka taru a Jita, babbar kasuwar wasan, suka yi ta luguden wuta kan wani abin tarihi don nuna fushi, wasu da yawa suka dakatar da biyan kuɗin wata. Ala tilas aka gayyaci wakilan zuwa babban birnin ƙasar don taron gaggawa, a watan Oktoba kuma shugaban kamfanin, Hilmar Veigar Pétursson, ya rubuta wasiƙar neman afuwa.

Darasin RuneScape ya fi wannan zurfi. Kamfanin Jagex na Ingila ya sauya tsarin faɗan wasan a watan Nuwamba na 2012, jama'a suka ƙi. A watan Fabrairu na 2013 ya shirya ƙuri'a, mutum kusan 450,000 suka goyi bayan a dawo da tsohon zubin 2007. Aka dawo da shi da sunan Old School RuneScape, da wata ƙa'ida da ba a saba gani ba: babban sabon abu ba ya shiga wasa sai ya sami kashi 75 cikin 100 na masu ƙuri'a, mizanin da daga baya aka sassauta zuwa 70. Masu hasashe sun ɗauka wannan zai daskarar da wasan. Sai ga shi ya ci gaba da samun sabbin ƙasashe da dodanni, har ya zarce zubin zamanin yawan jama'a. Blizzard ma, wanda wani jami'insa ya taɓa faɗa wa masu neman tsohon zubi a 2013 cewa ba su san abin da suke so ba, ya lashe amansa ya buɗe WoW Classic a watan Agusta na 2019. Ba tausayi ne ya kawo wannan ba. Kamfani na jin harshe ɗaya ne, harshen kuɗin da suka daina shigowa, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gaskiya mai ɗaci ita ce muryar ɗan Ƙonni ba ta da nauyi a wannan sikeli, don kasuwarsa ƙarama ce a littafin lissafin Shanghai ko Singafo. Amma wanda bai iya sauya dokar kasuwa ba yana iya sanin ta kafin ya kasa kayansa. Matashi ya ɗauki wasa a matsayin abin da yake: haya ce ta nishaɗi, ba asusu ba, ba gona ba. Ya lissafa abin da sabon zubi zai ci masa a mega da caji kafin ya latsa, ya kuma tuna cewa jarumin da ya saya yau ana iya rage masa ƙarfi gobe don a sayar masa da wani. Iyaye su bar tsinuwar salula su tambayi inda kuɗin ke tafiya, domin haramcin da babu fahimta a cikinsa ɓoyo kawai yake koyarwa. Su kuma magabatan da ke kula da harkar sadarwa da kare masu saye, lokaci ya yi da za su duba ko ƙuri'ar da ake sayar wa yara a cikin waya ta bambanta da cacar da doka ta yi wa iyaka a kan titi.

Garin da ya rayu da canji tsakanin sefa da naira ya fi kowa sanin cewa darajar takarda na hannun wanda ya buga ta. Abin da ya rage shi ne ƴaƴansa su yi amfani da wannan tsohuwar hikima a sabuwar kasuwa, su riƙa tambaya kafin su zuba kuɗi da daren barcinsu: wa ke da ikon sauya doka a nan, kuma in ya sauya, wa za a kai wa ƙara? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.