A Cike Tsaga Kafin A Shafa Fenti

Jama'a, akwai wata al'ada wajen gyaran makarantu da ofisoshi wadda ya kamata a bari, watau shafa fenti a kan tsagaggen katakon taga. Katako ya kan kumbura da damina, hunturu ya tsotse shi, sai ya dare a mahaɗa. Fenti kuwa ba ya toshe kafa, ɓoye ta kaɗai ya ke yi. Ruwan Agusta ya shiga, katako ya ruɓe daga ciki, gara ta ƙarasa. Mutanen Kagara ta ƙasar Goronyo, da ambaliyar 2010 ta ci gidajensu, sun san ɓarnar ruwa sarai, amma mai shiga ta tsaga ba ya sallama.

To, a yi aikin bayan ƙurar hunturu ta kwanta, tun katako na bushe. A kankare tsohon fenti, a sassaƙe ruɓa, babbar tsaga a cusa mata ɓallin katako, ƙarama a cike ta, a goge da samfefa. Malamin makaranta ya bi da tsinin wuƙa ya gwada. Akawu kuwa kada ya rubuta takardar biya sai ya ga tagar da idonsa tun ba a shafa ba.