Watsa iri ba tsaro, asarar damina ce

 Yau maganar makiyaya za mu yi.

Duk wanda ya ratsa makiyayan Magariya da Dungas da damina ya gani da idonsa: garmani ya cinye fili. Inda da ake samun kyasuwa, burburwa da gadagi, yanzu sai wannan ciyawa da dabba ba ta ci sai yunwa ta kai mata wuya.

An rabu gida biyu. Wasu sun ce a tuge garmani a watsa irin kyasuwa kowace shekara, furoje ta biya ƴan aiki. Wasu sun ce a bar ƙasa ta huta, ciyawa za ta dawo da kanta. Mu dai mun ce dukansu sun tsallake babbar magana: wa zai tsare filin?

Ko a Amurka masu filayen wasan golf suna irin wannan gardama. Ciyawarsu kiri-kiri ce, tana bushewa da sanyi. Wasu su watsa wani iri a kanta don fili ya zauna kore, wasu su bar ta don tattalin ruwa. Amma wanda ya watsa iri rufe filinsa yake yi har ciyawa ta kama, ko da ya rasa kuɗin ƴan wasa. Mu fa? A watsa yau, a ɗauki hoto, jibi garke ya tattake, wanda ya tsira kuma masu haraba su kwashe shi da manjagara tun bai zubar da ƴaƴa ba. To me zai tsiro baɗi?

Kuma ba sai mun je nesa ba. Gawon da ya cika gonakin Magariya, Matamai da Mirya tun shekarun 1980 ba dasa shi aka yi ba. Tsirowa ya yi, manoma suka tsare shi.

Dokar makiyaya ta 2010 tana nan, kwamitocin COFO suna nan. Abin da muke nema: a tuge garmani kafin ya yi fure, a watsa iri da ruwan farko, a ware yanki guda a hana kiwo da kwasar ciyawa damina ɗaya cur. Masu gari, arɗo-arɗo da magadan gari su zauna da makiyaya tun rani, a yarda da iyaka tare, don tsarin da aka yi ba Bafulatani ba zai kai kaka ba.

In ba za a yi hakan ba, a bar kuɗin iri a aljihu. Ku faɗa mana yadda abin yake a garinku.