Wayar ta shiga hannun ma'aikacin asibitin garinmu

A watan Afrilun 2020, da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi saboda korona, azumi ya zo mana a Aujara da damuwa biyu. Ta farko kowa ya gan ta, ta ciniki ce. Ta biyu a cikin ɗaka ta tsaya.

Ɗan gwaggona mai taɓin hankali ne, kuma daga Kano ake karɓo masa magani duk wata. Hanya ta rufe, magani ya ƙare. Ba a daɗe ba ya daina barci, ya koma surutai, har aka fara maganar a sa masa mari. Gwaggo ce ke kwana a bakin ƙofarsa. Masu zuwa mata sannu da jiki, waɗanda su ne ƙarfinta, tsoron cuta ya zaunar da su a gida. Wannan ne ba a ƙirga ba: ciwon mutum ɗaya ne, amma gida duka ya kwanta.

Aka yi ta cewa a kira likita ta waya. A Abuja ko Legas wannan shawara ce mai kyau. A nan wayar tana aljihun maigida, caji sai an kai shago, kati kuma sai an sayar da kaza. Matar da ta haihu ta rasa gane kanta, yaya za ta faɗi abin da ke ranta a wayar miji, ga miji, ga uwar miji? Likitocin ƙwaƙwalwa ma ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200.

Ni ra'ayina, a ɗora wayar a hannun ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibiti, wanda ya san gidanmu kuma mata ke sakin jiki da shi ko ita. A koya masa gane alamomi, ya kira likita a Dutse ko asibitin masu taɓin hankali na Kazaure, a ajiye masa magani a kusa. Malaman ruƙiyya ma a jawo su, don wurinsu ake fara zuwa.

Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958. Ya kamata gwamnatin Jigawa ta kawo ta ƙaramar hukumarmu ta Jahun tun wata annobar ba ta sake rufe hanya ba.