Daga Kongolam zuwa Jidda: Awa huɗun da waya ke faɗa ba su ne tafiyar ba

Duk wanda ya tambayi wayarsa nisan da ke tsakanin filin jirgin saman Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda, zai ga kimanin kilomita 3,400. Sai manhajar ta raba wannan da gudun jirgi, wajen kilomita 850 a awa, ta ce tafiyar awa huɗu ce. Lissafin bai yi kuskure ba, amma mai shirin Umara daga Kongolam da ya dogara da shi zai sha mamaki.

Na farko, manhajar layi miƙaƙƙe take ja a taswira, wanda ya ratsa Chadi da Sudan. Shi kuwa jirgi hanyar da aka ba shi izini yake bi. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai da jiragen alhazan Najeriya suka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo.

Na biyu, agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu, kuma tikiti lokacin kowane gari yake nunawa. Jirgin da ya tashi daga Kano ƙarfe 10 na dare ya yi awa biyar a sama, zai sauka ƙarfe 5 na asuba a Jidda, alhali a gida ƙarfe 3 ne. Dattijon da ke shan maganin suga a kan lokaci yana iya rikicewa, haka ma iyalin da ke jiran kira.

Na uku, tafiyar ba daga Kano take farawa ba. Mutumin Kongolam zai bar bakin iyaka ya shiga Daura, ya bi ta Kazaure zuwa Kano, kuma ana son ya isa filin jirgi awa uku kafin tashi. A Jidda akwai layin duba fasfo, jiran kaya, da motar Makka. Idan aka haɗa, daga ƙofar gida zuwa masauki ya haura awa goma sha biyu.

Gyaran yana hannun masu ƙirƙirar manhaja, musamman matasan Arewa. Manhajar tafiya ta fara da tambayar garin da mutum zai taso, ta nuna lokacin sauka da agogo biyu, na gida da na masauki, kuma ta ɗauko tsawon tafiyar daga ainihin jiragen da suka tashi kwanan nan. Babu ɗayan waɗannan da ya gagari mai koyon rubuta manhaja.

Kafin a kai ga haka, matafiyi ya sa lambar jirginsa a Flightradar24, ya duba hanyar da ya bi da awannin da ya ɗauka a kwanakin baya. Sannan ya rubuta wa iyalinsa lokacin saukarsa da agogon Najeriya.