Ma'aikacin Da Ba Ya Cikin Littafin Gwamnati

Sa'ad da cutar Korona ta shigo Nijeriya ran 27 ga watan Fabrairu na 2020, jama'ar Dutse da kewaye sun ɗauke ta tamkar labarin da ake ji a akwatin rediyo, abin da ya shafi mutanen Legas da masu hawa jirgin sama. Kafin ƙarshen watan Maris sai ga shi an rufe makarantu, sa'an nan Gwamnatin Jihar Jigawa a ƙarƙashin Alhaji Muhammad Badaru Abubakar ta umarci ma'aikatanta su zauna a gida. Cikin watan Afrilu aka tabbatar da ɓullar cutar a jihar, aka kulle waɗansu garuruwa, daga bisani har da Dutse kanta, kuma Gwamnatin Tarayya ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi, hanin da ba a ɗage ba sai ran 1 ga watan Yuli. Azumin wannan shekara duk a cikin wannan hali aka yi shi.

Umarnin zaman gida ɗaya ne, amma gidajen da ya shiga sun bambanta. Akawun sakatariya ya zauna gida, wata ya ƙare, albashinsa ya shiga banki. Wannan haƙƙinsa ne, babu mai ganin laifinsa. To amma a bakin ƙofar sakatariyar nan akwai mai shayi da mai ƙosai da mai wankin mota da ɗan acaɓan da ke jiran a tashi aiki, waɗanda abincinsu yake fitowa daga aljihun akawun nan a kullum. Ran da ya daina fitowa, ran nan albashinsu ya tsaya. Haka abin ya kasance ga masu sayar da abinci da masu buga takardu a kewayen Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda annoba da yajin aikin malamai suka haɗu suka rufe ta kusan duk shekarar. Haka ga 'yan dako da 'yan kamasho na kasuwar Shuwarin da ta Sara, waɗanda cinikinsu ya dogara ga motocin da ke zuwa daga waɗansu jihohi. Malaman makarantu masu zaman kansu kuwa, da yawansu sun yi watanni ba su ga ko kwabo ba, domin iyayen yara ba su biya ba, mai makaranta kuma ba shi da inda zai samo.

Akwai kuma wata asara da ba a cika ambatonta ba. Kullen ya faɗo ne a ƙarshen rani, watau daidai lokacin da samarin Kiyawa da Jahun da Buji da Gwaram da suka tafi cin-rani suke haɗa 'yan kuɗaɗensu don su komo gida kafin saukar damina. Da wannan kuɗi ake sayen taki da iri, da shi ake biyan noman shanu. Mutumin da aka tsare a ɗaki a Legas ko Kano ya cinye abin da ya tara, ya dawo hannu rabbana, to, gonarsa ma ta ji a jikinta.

Ba za a ce hukuma ta naɗe hannu ba. A watan Afrilu na 2020 Ma'aikatar Jinƙai, wadda Hajiya Sadiya Umar Farouq ke riƙe da ita a lokacin, ta biya Naira 20,000, kuɗin wata huɗu a dunƙule, ga gidajen da dama suke cikin shirin tallafa wa matalauta, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarni a faɗaɗa rajistar daga gidaje miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6. Babban Bankin Nijeriya ya ware Naira miliyan dubu 50 don ba da rance ga magidanta da ƙananan 'yan kasuwa ta hannun bankin NIRSAL. Wannan bashi ne, ko da yake mutane da dama sun ɗauke shi kyauta, sai daga baya da aka shiga cirar kuɗi daga asusunsu suka gane.

Abin da aka yi musamman domin ma'aikata shi ne asusun Naira miliyan dubu 75 wanda jama'a suka fi sani da Survival Fund, a ƙarƙashin kwamitin da Ƙaramar Ministar Masana'antu da Ciniki, Jakadiya Mariam Katagum, ta shugabanta. An tsara a biya wa ma'aikata 500,000 na ƙananan kamfanoni albashin wata uku, tsakanin Naira 30,000 zuwa 50,000 a wata, sa'an nan a ba masu sana'ar hannu da masu harkar sufuri 333,000 Naira 30,000 kowannensu, sau ɗaya tak. Bayan wannan aka zo da aikin gayya na Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, inda aka ɗauki mutum 1,000 a kowace ƙaramar hukuma a kan Naira 20,000 a wata har wata uku.

Niyyar tana da kyau, kuma akwai malamai da teloli a Dutse waɗanda kuɗin ya isa hannunsu ya share musu hawaye. Amma ya kamata mai karatu ya dubi kalanda. An rufe makarantu a watan Maris. Ba a buɗe ƙofar neman tallafin albashi ba sai ran 21 ga watan Satumba, kusan wata shida ke nan. Aikin gayyar kuwa sai a watan Janairu na 2021 aka soma shi. Wanda ya rasa abin sahur a watan Afrilu ba zai iya jiran Satumba ba. Kafin lokacin ya riga ya sayar da akuyarsa, ko keken ɗinkinsa, ko ya ci bashin hatsi wanda zai biya da kaka. Taimakon da ya zo bayan an sayar da jari ihu ne bayan hari.

A dubi lissafi kuma. Da aka rarraba mutum 333,000 ɗin nan tsakanin jihohi 36 da Abuja, kowace ta tashi da kimanin 9,000. Jihar Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27 da mazaɓu 287. Ke nan kowace mazaɓa za ta sami mutum talatin da 'yan kai, a cikin jihar da tun ƙidayar 2006 take da mutane fiye da miliyan huɗu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar 'yan acaɓa guda ɗaya a Dutse ya san abin da talatin ke nufi.

Sai dai ƙarancin kuɗin da jinkirinsa duk masu sauƙi ne idan aka gwada su da matsalar ƙofar da aka bi. Kafin a biya wa ma'aikaci albashi, sai mai gidansa ya nuna takardar rajistar kamfani, da lambar BVN ta banki, da sunayen aƙalla ma'aikata uku da lambobin asusunsu, kuma duk ta intanet. Wannan tsari ya dace da otal ko makarantar kuɗi mai akawu da kwamfuta. Magini da leburorinsa, maƙeri da yaransa, mai gidan burodi na ƙauye da masu kwaɓa masa fulawa, babu wata takarda a tsakaninsu sai amana da lissafin yamma. A idon tsarin nan, su ba ma'aikata ba ne. Dokar fansho ta 2014 ma, wadda ta yarje wa wanda ya rasa aiki ya ciri kashi ɗaya cikin huɗu na ajiyarsa bayan wata huɗu, tana amfanar mai asusun fansho ne kaɗai. Ta haka tallafin ya bi takarda, ya sami waɗanda dama gwamnati ta san da zamansu, ya tsallake waɗanda suka fi shan wuya. Inda kuwa aka ce a kawo sunaye cikin gaggawa, kowa ya san yadda takardar sunaye ke cika idan ta ratsa hannuwa da yawa.

A nan akwai abin mamaki ga wanda ya san tarihi. A zamanin haraji da jangali, kafin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke su a tsohuwar Jihar Kano a 1979, lokacin da ƙasar Dutse take cikinta, babu baligin da sunansa ba ya cikin littafin dagaci. Mai unguwa ya san kowane magidanci, ya san sana'arsa, ya san wanda ya tafi cin-rani da wanda ya dawo. Da alƙalami da tawada aka yi wannan aiki, a kan doki da keke. Hukuma ta iya rubuta talaka lokacin da take karɓa daga hannunsa, amma da ranar ba shi ta zo, a zamanin wayar hannu, sai aka ce ba a san inda yake ba.

Za a iya cewa Nijeriya ba Ingila ba ce, inda gwamnati ta ɗauki nauyin kashi 80 cikin 100 na albashin waɗanda aka dakatar, har zuwa Fam 2,500 a wata. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi haka a nan. Amma ƙasar Togo ba ta fi Nijeriya arziki ba. A watan Afrilu na 2020, cikin makonnin farko na kulle, ta ƙaddamar da shirin Novissi domin masu neman abinci da ƙarfinsu. Mutum ya latsa 'yan lambobi a ƙaramar wayarsa, ya shigar da lambar katin zaɓensa, a duba sana'arsa da unguwarsa a rajistar masu zaɓe, kuɗi su shigo wayar: jaka 12 da 'yan kai na Sefa ga mace a wata, jaka 10 da rabi ga namiji. Fiye da mutum rabin miliyan suka amfana a zagayen farko. Abin da ya cece su shi ne littafin sunayen yana nan a shirye kafin cutar ta zo. Katin zaɓen Nijeriya ma, in aka duba, yana ɗauke da sana'ar mai shi.

Jihar Jigawa ba baƙuwa ba ce ga irin wannan aiki. Tun 2007, a zamanin Alhaji Sule Lamido, ta kafa dokar biyan naƙasassu Naira 7,000 a wata, abin da ya tilasta a tantance mutane ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Asusun fanshonta na haɗin gwiwa, wanda ma'aikaci da gwamnati suke zuba wa kuɗi a kowane wata, waɗansu jihohi sun sha aiko da jami'ansu su koyi yadda ake tafiyar da shi. Kwamitin Zakka na Masarautar Dutse ya daɗe yana tattara hatsi da kuɗi gunduma-gunduma yana rarraba wa mabukata a bainar jama'a. Jihar da ta iya waɗannan ba za ta kasa rubuta 'yan acaɓa da magina da masu ƙosai ba, in ta sa kanta.

Abin da ake bukata shi ne rajista ta dindindin ta masu cin abinci da aikin yini, a kowace mazaɓa, da sunan mutum da sana'arsa da lambar wayarsa ko asusunsa. Ƙungiyoyin direbobi da na teloli da na mahauta da shugabannin kasuwa suna da sunayen 'ya'yansu, domin suna karɓar kuɗin ƙungiya. A karɓo daga wurinsu, mai unguwa ya shaida, sa'an nan a manna takardar a ƙofar gidan dagaci da makarantar firamare, kowa ya gani, wanda aka tsallake ya yi magana, sunan bogi kuma maƙwabta su tona shi. Mata masu sana'a a cikin gida, masu ƙuli-ƙuli da dakau da saƙar tabarma, ba su da ƙungiya, saboda haka sai an aika mata su shiga gida-gida, in ba haka ba za a sake manta su. Tare da wannan, Majalisar Dokokin Jiha ta kafa asusun gaggawa da doka, a riƙa zuba masa wani abu a kasafin kowace shekara, dokar kuma ta faɗa a fili cewa duk ran da hukuma ta hana mutane fita neman abinci saboda lafiyar jama'a, biya zai fara cikin kwanaki ƙidayayyu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lalle akwai masu tsoro, kuma tsoronsu yana da dalili. Talaka zai yi zaton haraji ne ya dawo ta bayan gida, don haka wajibi ne dokar ta hana a miƙa littafin ga masu tara kuɗin shiga. Akwai kuma fargabar 'yan siyasa su mai da shi takardar 'yan jam'iyya. Maganin wannan shi ne rubuta sunaye a lokacin da babu abin rabo, domin ba a cika yin cunkoso a kan layin da ba a ba da kome ba. Wanda ya ce kuɗin aikin ya yi yawa kuwa, sai ya tuna cewa dokar kulle da ba ta zo da abinci ba, yunwa ce ke karya ta, cutar kuma ta bi masu fita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan Korona a watan Mayu na 2023, amma Jigawa ta ga kwalara a 2021, ta ga ambaliyar 2022, kuma a kowannensu tambayar farko ita ce ina sunayen waɗanda abin ya shafa. Gwamna Umar Namadi shi ne Mataimakin Gwamna a shekarar kulle, ya ga abin da idonsa. Sai dai irin wannan aiki ba a bisa dandalin jawabi yake farawa ba. Yana farawa ne daga takardar shawara da wani jami'i a Ma'aikatar Kasafi da Tsare-tsare zai rubuta ya ɗora a teburin Babban Sakatare, kuma ɗaliban jami'a da na kwalejin fasaha na Dutse, waɗanda kowace shekara suke neman abin da za su yi bincike a kansa, suna iya soma ƙidayar daga mazaɓa guda a kasuwar Shuwarin ranar Litinin.